Na Goge Tsoffin Kuɗin Ɗana da Tsamiya

Assalamu alaikum 'yata Fausiya, mai filin shawara. Ki taimaki tsohuwa don Allah, kuma ki hanzarta, domin Asabar ɗin makon gobe asirina zai tonu. Na yi ɓarna a gidan ɗana, irin ɓarnar da in jikata ce ta yi da sai na murɗe mata kunne. Yau kwana huɗu ke nan ina yawo da abin a cikina, ina ta murmushi kamar mutuniyar kirki.

Bari in faro miki daga tushe, ki yi haƙuri da ni, mu tsofaffi ba mu iya gajeren zance ba. Ni 'yar Nguru ce. Shekaruna saba'in da huɗu in an bi lissafin yayata, saba'in da ɗaya in an bi nawa. Wata biyar ke nan ina Doha wajen autana. Sai mu kira shi Shamsu, tunda abokan aikinsa na karanta filin nan. A filin jirgi yake aiki, shi ke gyaran bel ɗin nan da ke zagayawa da akwatunan matafiya. Matarsa, mu ce Nafeesa, yarinya ce ta gari, aibunta ɗaya ne tak: ba ta barina in taɓa komai. Inji ke wanki, inji ke wanke-wanke, har shara wani abu ne mai kuka yake yi. Ni da na goyi 'ya'ya bakwai, na yi shekara talatin ina suyar ƙosai, an zaunar da ni a kujera cikin sanyin na'ura kamar kayan ado. Da safe Shamsu ya leƙo ya tambaye ni ko na sha magani. Da yamma ya tambaye ni ko na ci abinci. Iyakar hirarmu ke nan, wata huɗu cur.

Ran nan Nafeesa ta ga sanarwa a wayarta, wai za a yi gwanjon kayan wani gida a nan unguwarmu ta Mesaimeer. Wani tsohon likita ne ɗan Sudan ya rasu, 'ya'yansa suka zo daga ƙasashen da suke zaune, suna so su kwashe komai cikin kwana biyu su miƙa makulli. Haka ake yi a nan. Mutum ya yi shekara arba'in a gari, ranar da ya tafi sai a liƙa wa kujerarsa farashi. Nafeesa firji take nema. Ni kuwa na ce ko gwanjon duwatsu ake yi sai na je, in dai zan ga sama ba ta taga ba.

Muka tarar da gidan cike, kowa na jan abin da ya samu. Ni ina ta zagaye ina kallon rayuwar bawan Allah a zube, tabaransa, sandarsa, kofunan shayinsa. A kan wani teburi, kusa da tsohon rediyo, na ga gwangwanin biskit. Na ɗaga, na ji nauyi, na girgiza. Ƙarar ce ta fara kama ni, tun kafin in buɗe. Da na cire murfin, abin da ke sama kobo ne mai huji a tsakiya, irin na zamanin Turawa. Sai na zauna a wata kujera da wani Ba'indiye ya riga ya saya, yana tsaye a kaina yana jira in tashi. 'Yar marigayin ta gaya wa Nafeesa cewa mahaifinta ya yi aikin asibiti a Kano da Maiduguri tun yana saurayi, kuma duk ƙasar da ya shiga sai ya tara tsabar kuɗinta. Cikinsu ba mai so. Ta bar mini gwangwanin a kuɗin da bai kai na kaza ba. Na yi mata ta'aziyya, na yi wa mahaifinta addu'a. Firjin dai wani ya riga mu.

'Yata, ke ba ki san waɗannan kuɗi ba, da ƙyar ma in mahaifiyarki ta san su. Akwai anini, ɗan ƙarami mai huji da tauraro, sai ka tara goma kafin su zama kobo ɗaya. Akwai taro, akwai sisi, akwai sule. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, fura take sayarwa a tashar jirgin ƙasa. Kobo-kobon da ta samu takan zura su a zare, sha biyu sha biyu, ta ɗaura a ƙugu ta rufe da zane. Tun daga bakin lungu muke jin dawowarta kafin mu gan ta. Mahaifina awon gyaɗa yake yi a kanti. Da aka daina karɓar anini, kafintan da ya yi mana rufin kwano da su ya riƙa tare kan ƙusa don kada ruwa ya zuba. Kin ga ni a ƙarƙashin kuɗi na yi barcin ƙuruciyata, kuma muna talakawanmu. Sannan duk jajibirin sallah mahaifiyata takan jiƙa tsamiya, ta tankaɗe toka, mu zauna a tsakar gida mu goge tasoshi da mundaye har su ɗauki ido. Daga ƙarshe ta kwance zaren ƙugunta mu goge kobo-kobon da za a raba barka da sallah. Ita a wajenta ba a miƙa wa mutum baƙin kuɗi a ranar farin ciki. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani a gaba.

Da yamma Shamsu ya dawo ya same ni na baje su a kan darduma. Sai kawai ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya ɗauki wannan ya tambaya, ya ɗauki wancan ya tambaya. Na faɗa masa abin da taro ke saya a lokacinmu. Na ɗan ƙara gishiri ma, na ce da sisi na taɓa sayen akuya mai ciki, kuma wallahi ya yarda, injiniya guda. Da na fashe da dariya ya gane, ya yi ta dariya har da kwanciya, irin dariyar da rabona da jinta tun yana firamare. Bai san kakansa ba, bai taɓa tambayata labarinsa ba, sai ranar. Kwana tara muka yi haka. Yana dawowa sai ɗakina, Nafeesa ta kawo mana shayi, har ita ma ta zauna.

A cikin kwanakin ne ya fara duba su a waya. Akwai na Larabawan nan masu hoton barewa, da wasu na Indiya masu kan sarki, ya ware su gefe. Amma wanda ya tashe shi tsaye wani kobo ne na 1936, mai sunan wani sarkin Ingila da ko shekara bai cika a kan mulki ba. Wai a ƙasashen waje akwai masu tara irinsa, suna biyan abin mamaki. Ya binciko wani dattijo Balarabe a kasuwar Suƙ Waƙif da aikinsa ke nan, tantance tsoffin kuɗi. Yana da gilashin dubawa da ɗan sikeli, in ya ga abu ya isa sai ya tura shi waje a ba shi takardar shaida. Suka tsayar da ranar Asabar. Shekara goma sha ɗaya yaron nan yana durƙuso a ƙarƙashin bel, bayansa na ciwo, ya daɗe yana son komawa gida ya buɗe wurin gyara nasa na kansa. Bai ce mini gwangwanin ne zai kai shi ba. Amma ni na haife shi, na ga idonsa.

Ya mayar da su duka, ya rufe, ya miƙa mini. Ya ce in ajiye a ɗakina, kada yaransa su taɓa. Yara fa ya ce. Ni kuwa rabona da yarinta tun ana cin kasuwa da anini.

Ranar Litinin kowa ya fita, gida ya rage ni kaɗai. Na buɗe gwangwanin ina kallo. Wasu sun yi baƙi ƙirin, wasu sun yi kore-kore kamar gindin randa. Na ce yanzu wannan ƙazantar ɗana zai kwasa ya kai gaban Balarabe, a ce ga yadda 'yan Najeriya ke ajiye kaya? Da raina, a'a. Ina da tsamiyar da na zo da ita don kunu. Toka ce ta ba ni wahala, garin nan ko murhu ɗaya babu, amma dama na ɗan tara ta kaskon turaren Nafeesa. Na shimfiɗa tsumma a banɗaki na kama aiki. Waɗanda suka yi taurin kai na sa musu soson ƙarfe. Kobon sarkin nan kuwa sau uku na bi ta kansa, tunda shi ne ango. Ina yi ina 'yar waƙata, hannuna na zafi, raina fari tas. Tun da na sauka garin nan ranar ce na fara jin ni ma mutum ce mai amfani. Na Larabawa da na Indiya ban taɓa su ba, don ban san iyayensu ba, kuma bayana ya riga ya ƙage. Na shanya namu a tawul suna ƙyalli kamar haƙorin Makka. Na ce sai ranar Asabar da safe zan buɗe masa ya sha mamaki.

Da yammar ranar muna cin abinci ya kira dattijon a waya don ya tabbatar da lokaci. Na ji yana dariya yana ta rantsuwa da Turanci. Da ya kashe na tambaye shi lafiya. Ya ce wai tambayar farko da mutumin ya yi ita ce ko wani ya wanke kuɗin, shi kuma ya ba shi amsa cewa suna hannun mahaifiyarsa, wurin da ya fi banki tsaro. Sannan ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai karantar da ɗaliba. Wai baƙin nan shi ne shaidar tsufansu, shi masu saye ke nema. Wai kuɗin da aka goge darajarsa ta zube, karcen yana fitowa ɓaro-ɓaro a gilashi, wasu ma ko kallonsa ba sa yi. Lomar da ke hannuna ban san yadda aka yi ta koma kwano ba.

Tun ranar nake ta zille-zille. Ya ce in fito da gwangwanin, na ce yana ƙarƙashin akwati kuma gwiwata ta motsa. Washegari na ce na tofa masa addu'a, ba a buɗewa sai ranar. Ki ji fa, ƙarya da furfura.

Ina da ƙawa ɗaya a garin nan, Awawu, 'yar Zangon Kumasi, tana wajen 'yarta a unguwar Fereej Abdel Aziz. Na kira ta na faɗa mata. Matar nan ta yi dariya har wayar ta suɓuce mata. Da ta nutsu ta ce abu mai sauƙi ne, abin da ya yi fari ai yana komawa baƙi. Ko in rataye su a kan hayaƙin turare, ko in binne su a ƙasar tukunyar shuka fulawa da dusar shayi na mako guda, khalas, shi ke nan. Na gwada anini ɗaya a hayaƙi. Ya fito baƙi kam, yana ƙamshi kamar amarya, ina taɓawa baƙin ya dawo yatsana.

Gaskiyar magana, ba kuɗin ne ke hana ni sukuni ba. Na san ɗana, ba zai ɗaga mini murya ba. Zai ce ba komai Inna, ya ɗauki gwangwanin a hankali ya fita, daga nan mu koma ko kin sha magani, ko kin ci abinci. Wannan nake tsoro. To in bi ta tukunyar fulawa? Ko in yi shiru har mu je, mutumin ya faɗa da bakinsa, ni kuma in yi kamar kunnena ya yi nauyi? Ko akwai wani sinadari da ku 'yan boko kuka sani? Ki ba ni amsa kamar ke kika haife ni.

Taki,
Tsohuwa mai ɗan karen karambani, Doha

AMSA

Wa alaikumus salam, Inna. Na yi dariya, na kuma ji tausayinki, amma tunda lokaci ya ƙure bari in tafi kai tsaye.

Ki rabu da hayaƙi, ki rabu da tukunyar fulawa, ki gaida mini Inna Awawu ki ce na hana. Babu wani sinadari. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon tsabar kuɗi a gilashi zai ga sawun soson ƙarfe ko da me kika rufe shi. Kuɗin da aka goge, kuskure ne da suka saba gani. Wanda aka goge sannan aka sake baƙanta shi kuwa, sunansa algus. Kuma ba ke za a kalla ba, Shamsu za a kalla, shi da ya rantse wa mutumin. Shirun ma haka yake. In kika bari ya ji a shago, a gaban baƙo, kin haɗa masa asara da kunya a lokaci guda. Ki faɗa masa a gida, da bakinki, kwana biyu ko uku kafin Asabar, don ya samu ya kira dattijon ya gyara maganarsa.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Shamsu ya san ba a wanke su, bai faɗa miki ba, ya ɗauka abin da ya karanta a waya kowa ya sani. Ke kuma abin da kika tashi kika ga ana yi wa kuɗi in za su fita kunya shi kika yi, kuma ke kika tsinto gwangwanin, ke kika saya. Amma daga ranar da kika ga ya ɗora buri a kansa, ya kamata ki tambaya kafin ki jiƙa tsamiya. Zille-zillen kwanakin nan kuwa naki ne duka, kuma ina jin shi zai fi yi masa ciwo a kan gugar. Shi za ki fara neman afuwa a kai.

Game da kuɗin, na tambayi wani da ya daɗe yana tara irinsu. Ya ce kobon 1936 mai sunan wannan sarki an buga shi da yawa ƙwarai, akasarinsu ba su da tsada, 'yan kaɗan ne masu wata alama ta daban ake rububi. Farashin da ake gani a waya kuma sau da yawa na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne, kuma abin da mai sayarwa ke fata ne, ba abin da aka biya ba. Mai yiwuwa wurin gyaran Shamsu dama ba ya cikin gwangwanin nan. Mai yiwuwa kuma naku yana cikin 'yan kaɗan ɗin, kin kuma rage masa daraja. Ban sani ba, ba kuma zan wanke ki da abin da ban sani ba. Gilashin ne zai faɗa.

Waɗanda ba ki taɓa ba, ki bar su yadda suke, ko da tsumma kada ki share su. A riƙe kowanne ta gefe, a sa shi a 'yar takardarsa shi kaɗai don kada su riƙa gogar juna, a ware gogaggun daban. A faɗa wa dattijon gaskiyar wanda aka wanke da abin da aka wanke shi da shi. In Nafeesa na da lambar 'yar marigayin, ta roƙe ta ta rubuto layi biyu kan inda mahaifinta ya zauna da yadda ya tara su, domin sanin asalin kaya yana taimakawa. Kada ku sayar da komai a ranar. Mai dubawa in shi ne kuma mai saye, to a ji ta bakin mutum na biyu. Kafin a tura wani waje neman takardar shaida, a tambayi abin da aikin zai ci, don wani lokaci ya fi ƙarfin kuɗin kansa. Kuma ki shirya ki bi Shamsu ranar Asabar. Ke ce kika san sunan kowanne da abin da ya taɓa saya, bai kamata a je ba ke ba.

Saura abin da ya fi damunki. Shamsu da matarsa suna ganin hutar da ke shi ne biyayya, ba su san zaman ya ishe ki ba, don ba ki taɓa faɗa ba, kin tsaya barkwanci. Wanda aka hana aiki wata biyar, duk abin da ya faɗo hannunsa sai ya aikata shi. Ki gaya musu haka. Ki nemi Nafeesa ta bar miki kicin kwana biyu a mako, na tabbata za ta yi murna.

Ranar da za ki yi maganar, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ku biyu kawai. Ki buɗe gwangwanin a gabansa kafin ki ce komai, ki ajiye wasa na ɗan lokaci, na san zai yi miki wuya. Ki bar shi ya ji haushi, haƙƙinsa ne. In ya ce ba komai ya miƙe zai fita, kada ki karɓa. Ki riƙe bakin rigarsa ki ce da komai, ya zauna ya faɗa miki abin da ya so yi da kuɗin, ke ma ki faɗa masa abin da kwana taran nan suka zame miki. Ɗan da ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa don ya ji labarin kakansa ba kobo ne ya zaunar da shi ba, amma sai kin buɗe baki zai san kina son ya ci gaba da zama.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin gwiwa, ya sa ku dawo daga kasuwar nan kuna hira.

Fausiya